Cefane a Lokacin Tsada: Inda Za a Tsuke da Inda Ba a Taɓawa

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka sanar da janye tallafin man fetur, lissafin cefane ya sauya a kusan kowane gida a Najeriya. Litar man da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kuma da yake duk buhun da ya shigo kasuwa a mota ya zo, kuɗin abinci ya bi sahu. Zuwa tsakiyar 2024, alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna tashin farashin abinci ya wuce kashi 40 cikin 100 a shekara guda. A watan Yulin shekarar aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000. In aka raba wannan kuɗi a kwana 30, ana samun kimanin naira 2,300 a rana. In gidan na mutum bakwai ne, kowa zai tashi da naira 330 da 'yan kai, ba a cire haya ba, ba a cire kuɗin makaranta da na magani ba. Hatsi ya ɗan sauko a 2025, amma magidanta da yawa har yanzu a takure suke.

Abin da akasarin gidaje ke yi idan kuɗi ya ƙaranta shi ne su riƙe tuwo su saki miya. Nama ya fita, kifi ya bi shi, mai ya ragu, har miya ta koma ruwa da gishiri da ɗanɗano. Ba abin zargi ba ne, domin uwar da yara suka tasa gaba da kukan yunwa abin da zai cika ciki take nema. Sai dai a nan ne ragin ya fi yin illa ga jiki, alhali akwai wuraren da kuɗi ke zurarewa ba tare da kowa ya ci amfaninsa ba.

Babbar kafar ita ce sayen ƙulli-ƙulli. Mai sayen man gyaɗa na ƙulli, sukari na ƙulli, shinkafa gwangwani biyu kullum safiya, ya fi mai sayen buhu biyan kuɗi a kan abu iri ɗaya, domin kowane hannun da kayan ya ratsa sai ya ɗora ribarsa. Wato wanda ya fi kowa rashi shi ya fi kowa sayen tsada. Za a ce ai mai neman na yau ba shi da kuɗin buhu, kuma gaskiya ne. Amma mun daɗe da sanin watanda: mutum goma ko ashirin su haɗa kuɗi su sayi sa, a yanka a kasa. Babu abin da ya hana a yi wa buhun masara ko na wake haka. A Kano buhu kan ɗauki kwano 40 ko kusa da haka. Maƙwabta huɗu su yi karo-karo, ɗaya ya je Dawanau ko kasuwar ƙauye mafi kusa ranar da take ci, kowa ya tashi da kwano goma a farashin sari, kuɗin mota ma a raba shi huɗu. Haka za a yi da jarkar manja da katan ɗin sabulu.

Lokacin saye ma kuɗi ne. Hatsi ya fi araha da kaka, daga Oktoba zuwa Disamba, ya kuma fi tsada a tsakiyar damina, lokacin da rumbuna suka yi ƙasa kuma sabo bai nuna ba. Masu adashi su lura da wannan: in da hali, a nemi kwasa ta faɗo da kaka, a zuba ta a hatsi kafin hidimar biki ta cinye ta.

To, amma saye ba shi ne ƙarshe ba, sai an iya ajiya. Wake musamman, in aka bar shi a buhun da iska ke shiga, cikin 'yan watanni ƙwari sun huda shi sun mai da shi gari. Maganin da ya fi aminci shi ne a hana iska shiga gaba ɗaya. Buhun PICS, mai leda biyu a ciki da buhu ɗaya a waje, wanda aka fara yaɗawa a Yammacin Afirka a 2007, kuma manoman Maraɗi da na Kano suka san shi sosai, da wannan dabara yake aiki: ƙwaron da ke ciki ya shanye iskar da ta rage ya mutu. Jarka mai tsabta da murfi mai kamawa ita ma tana yi, muddin an cika ta har baki kuma ba a yawan buɗewa. Sharaɗin shi ne hatsin ya bushe sarai, in an ciza ya ce ƙas. Abin da nake roƙo a guje masa shi ne zuba maganin ƙwari irin su Sniper a cikin abin da za a ci. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan irin wannan guba a jikinsa. Abin da aka ƙi karɓa a can bai dace da tukunyar yaranmu ba.

Akwai kuma arahar da ba a so. Masara ko gyaɗar da ta yi fumfuna, ta canza launi ko take warin ruɓa, tana iya ɗauke da gubar afulatoksin, wadda ke lalata hanta kuma ke tauye girman yara. Dafuwa ba ta kashe ta. A tsince masu lahani a zubar, kada a ce za a niƙa su ɓace a cikin gari.

Yanzu batun miya da abin gina jiki, wanda a ganina shi ne zuciyar maganar. Rashin nama ba ya nufin rashin abin gina jiki. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na busasshen wake furotin ne, waken suya kuwa ya wuce kashi ɗaya cikin uku. Hatsi yana da ƙarancin wani sinadarin gina jiki da wake ke da shi a wadace, waken kuma yana samun cikon abin da ya rasa daga hatsi, shi ya sa haɗa su ya fi cin kowanne shi kaɗai. Iyayenmu sun riga sun tsara mana wannan a garau-garau, da ɗanwake, da koko da ƙosai, da faten tsaki mai wake, da kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli. Abin da za a ƙara kawai shi ne a sa niyya. In za a kai niƙan masara ko dawa, a haɗa kwano uku ko huɗu da kwano ɗaya na waken suya wanda aka soya sama-sama aka cire ɓawonsa. Suyar wajibi ce, domin ɗanyen waken suya yana hana jiki narkar da abinci yadda ya kamata. Tuwon zai fito kamar yadda aka saba, amma ya fi riƙe jiki. Awarar gida ta fi ta saye auki, dusar da aka tace ma tana shiga miya ko dambu. Daddawa da ƙananan busassun kifi, in an daka su da ƙayarsu, suna ba miya armashin da ɗanɗanon leda ba ya bayarwa.

Ganye kuwa shi ne abu mafi araha da muke rainawa. Zogale, rama, yakuwa, lalo, tafasa da alayyahu da damina kusan kyauta ne. A shanya su a inuwa, a kan tabarma mai tsabta, a adana don rani. Tumatir kan yi araha da sanyi zuwa farkon bazara, lokacin da na Kura da Kadawa da Garun Malam ya cika kasuwa, sannan ya yi tashin gwauron zabi da faɗuwar damina. Wadda ta yanka ta shanya kauɗarta a watan Fabrairu, tare da tattasai da kuɓewa, ba za ta ji tsadar Yuni kamar maƙwabciyarta ba. Tsohon buhu da aka cika da ƙasa da taki a lungun tsakar gida, ana ba shi ruwan wankin shinkafa, ya isa ya riƙe alayyahu ko yakuwa.

Wuta ma tana cin rabonta, ko gas ne ko gawayi ko itace. A jiƙa wake tun dare, zai nuna da wuri ba sai an cika masa kanwa ba, don yawan kanwa na lalata wasu bitamin. A riƙa rufe tukunya. Da ta tafasa a rage wuta, domin ruwan da ya tafasa ba ya ƙara zafi komai yawan icen da aka tura. Shinkafa da wake, in sun ɗauko nuna, ana iya sauke su a naɗe tukunyar da tsohon bargo su ƙarasa da zafinsu. Ɗumame kuma a tabbata ya yi zafi har ciki.

Duk wannan ba ya tafiya sai mata da miji sun san lissafi ɗaya. Maigidan da rabonsa da kasuwa ya daɗe zai miƙa kuɗin cefanen bara yana jiran tukunyar bara, uwargida kuma ta ci bashin mai shago a ɓoye don ta rufa asiri, ƙarshen wata a yi rigima. Su zauna tare, su rubuta duk abin da aka kashe na wata ɗaya a littafi, har da lemon kwalba da biskit da taliyar leda da shayin waje. Sau da yawa kuɗin ƙwai ko na kwanon wake yana cikin waɗannan.

Inda ba a taɓawa ko kaɗan shi ne abincin yaro ɗan ƙasa da shekara biyu, da na mai ciki, da na mai shayarwa. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya gano kashi 37 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuwa sun fi rabi. Abin da yaro ya rasa a shekarunsa biyu na farko, a tsawo da a ƙwaƙwalwa, da wuya a mayar masa daga baya. Wata shida na farko nonon uwa zalla ya wadatar, ko ruwa ba ya bukata, kuma babu abincin da ya kai shi araha. Bayan nan a ci gaba da shayarwa, a ƙara da kunu mai kauri, ba tsararon koko ba, domin cikin yaro ƙarami ne, ruwa zai cika shi kafin ya sami abin kirki. A sa masa garin gyaɗa ko na waken suya, da cokalin manja, da ɗan garin zogale. A zuba masa a kwanonsa shi kaɗai, don a taron yayyensa ba zai samu ba. In ƙwai ɗaya ne a gidan, nasa ne. In tsokar nama ɗaya ce a miya, ina roƙon maigida ya yafe ta ga mai shayarwa.

Tattali yana da iyaka. Akwai gidan da babu sauran abin ragewa, kuma neman taimakon dangi ko karɓar zakka a irin wannan hali haƙƙi ne, ba abin kunya ba. In kuwa aka ga yaro yana ramewa, ƙafafunsa biyu sun kumbura, gashinsa ya yi ja yana zubewa, ko ya daina sha'awar abinci da wasa, alamun tamowa ne. A kai shi asibiti mafi kusa a ranar, a nemi a auna damtsensa, kada a jira albashi ya shigo.