Kalmar "Ƙarfi" da Matsalar Koyar da Dokokin Motsi da Harshen Hausa

1. Gabatarwa

Duk malamin da ya taɓa tsayawa gaban ɗalibai yana yi musu bayanin motsi da Hausa ya san akwai kalma ɗaya da take fara tare masa hanya, watau "ƙarfi". Bahaushe yakan ce wane ƙarfi gare shi, ya ce an turo ƙofa da ƙarfi, ya ce mota ta taho da ƙarfi, ya ce ƙarfin injin nan ya kai na doki goma, ya kuma ce majinyaci ya sha kunu ya sami ƙarfi. A wajen hira babu laifi, kowa ya gane abin da ake nufi. Amma a ilmin fiziks waɗannan abubuwa ne daban-daban, kowane da ma'auninsa, kuma ɗalibin da ya tattara su cikin suna ɗaya yana iya haddace dokokin Niyuton tsaf, ya ci jarrabawa, alhali kuwa a zuciyarsa bai yarda da ko ɗaya daga cikinsu ba. Abin da muke nufin yi a wannan takarda shi ne mu warware waɗannan ma'anoni, mu ba kowace sunanta, muna kafa hujja da amalanke da rijiya da jigo, tun da su ɗalibinmu ya sani kafin ya san ɗakin gwaje-gwaje.

2. Ƙarfi da Motsi

Mai tura amalanke ya san in ya daina turi, amalanke za ta tsaya. Daga nan sai hankali ya yanke cewa motsi ba ya ɗorewa sai da ƙarfi a bayansa. Wannan ra'ayi ba na jahilai ba ne, domin shi Aristo ya koyar a ƙasar Girka a ƙarni na huɗu kafin haihuwar Annabi Isa, aka kuwa bi shi shekara kusan dubu biyu. Inda ya gamu da cikas shi ne wajen jifa: dutse ya rabu da hannu, to, mene ne yake ci gaba da tura shi? Ibnu Sina (980–1037) ya amsa a littafinsa Kitabus Shifa da cewa mai jifa yana sa wa dutse wani abu da ya kira "mail", watau karkata, ya kuma ce wannan karkata ba ta ƙarewa don kanta, sai dai wani abu daga waje, kamar iska, ya rage ta. Lalle ya matso kusa da gaskiya ƙwarai. Galiliyo ya ƙara matsowa da gwajin da ya yi na gangara ƙwallo a kan katako, wanda ya bayyana a littafinsa na 1638. A 1687 ne Niyuton ya tsara maganar ta zama doka: abin da yake tsaye zai zauna tsaye, abin da yake tafiya zai ci gaba da tafiya a miƙe da gudunsa, muddin babu wani ƙarfi daga waje da ya taɓa shi.

Ashe ke nan ba rashin turi ne ya tsai da amalanke ba. Gogayya ce ta tsai da ita, watau gugar da ke tsakanin taya da ƙasa, da tsakanin ƙarfe da ƙarfe a gindin taya. Mai turi da ke tafiya da gudu ɗaya, ba ƙari ba ragi, yana biyan bashin gogayya ne kurum. Inda babu gogayya babu bukatar turi. Kumbon nan Voyager 1 da Amurka ta harba a 1977 yana keta sarari da gudun kilomita kusan 17 a kowace daƙiƙa, kuma babu injin da ke tura shi gaba. 'Yan ƙananan injunan da ke jikinsa na juya fuskarsa ne kawai.

Saboda haka muna ganin ya kamata a keɓe kalmar "ƙarfi" ga ma'ana ɗaya tak, watau turi ko ja da wani abu ke yi wa wani abu. Aikinsa kuwa sauya gudu ne: ya ƙara shi, ko ya rage shi, ko ya karkatar da shi. Ana auna shi da niyuton, kuma niyuton ɗaya shi ne ƙarfin da zai ƙara wa kilo ɗaya gudun mita ɗaya a daƙiƙa, cikin kowace daƙiƙa. Bisa wannan ma'ana, ƙarfi ba abu ne da dutse ke ɗauke da shi a cikinsa ba. Mun sha tambayar ɗalibai cewa, in aka jefa dutse sama, wane ƙarfi ne ke kansa sa'ad da yake hawa? Da yawa sukan ce ƙarfin hannu ne ke kai shi, in ya ƙare sai dutsen ya faɗo. Amsar Ibnu Sina ma ta fi wannan. Da zarar dutse ya bar hannu, hannu ba shi da sauran iko a kansa, abin da ya rage shi ne jan ƙasa da 'yar gugar iska, dukansu kuwa ƙasa suke mai da shi tun yana hawa.

A nan ne kuma kalmar "nauyi" take bukatar gyara. Nauyi ƙarfi ne, watau jan da duniya ke yi wa abu, kimanin niyuton 9.8 ga kowane kilo. Shi kuwa kilo yana auna yawan abin da ke cikin jikin abu ne, wanda ba ya sauyawa ko ina aka kai shi. Buhun gero mai kilo 100 nauyinsa a Kano niyuton 980 ne; a kan wata ba zai wuce kashi ɗaya cikin shida na haka ba, ga shi kuwa ko ƙwaya ɗaya ba ta zube ba. Mun nemi kalmar Hausa ta asali da za ta ɗauki wannan ma'ana ta biyu ba mu gamsu da ko ɗaya ba, don haka muka ari "mas", kamar yadda aka ari mita da kilo ba wanda ya yi ƙorafi.

3. Aiki

A ce ga rijiya mai zurfin mita 20, ga guga mai cin lita 10 na ruwa, watau kilo 10. Nauyin ruwan niyuton 98 ne. Wanda ya jawo shi har baki ya yi amfani da ƙarfin niyuton 98 a tsawon mita 20. In aka ninka ƙarfin da tsawon, sai a sami 1,960, kuma wannan shi fiziks ke kira "aiki", ana auna shi da jul. Sharaɗin shi ne abin ya gusa ta fuskar da ƙarfin ya nufa.

Wannan sharaɗi shi ke jawo gardama a aji, kuma a ganinmu ɗalibai suna da hujja. Mace ta ɗauko tulu a ka ta yi tafiyar mil guda a shimfiɗaɗɗiyar hanya, sa'an nan malam ya ce ba ta yi wa tulun aiki ba, don kanta sama yake tura shi, shi kuwa gaba yake tafiya, bai ƙara tsawo ba. Wa zai yarda? Bai kamata malami ya tsallake wannan wuri da cewa haka littafi ya ce ba. Gajiyarta gaskiya ce, kuma tana da dalili: zaruruwan tsokar wuya da ta baya suna ta ɗaurewa suna saki ba hutawa don su riƙe kayan, abin da suke ci na abinci kuwa zafi yake zama a jikinta, ba ya shiga tulun. In an bayyana haka, ɗalibi zai gane cewa "aiki" a nan kalma ce da aka ƙuntata da gangan, ba wai an raina wahalar uwarsa ba ne.

4. Jigo da Kuzari

Ga ma'anar da ke cikin "ya sha kunu ya sami ƙarfi" muna ba da shawarar kalmar "kuzari", watau ajiyar da ake ɗiba a yi aiki. Gidajen rediyo sun saba da "makamashi", amma a Hausar gida makamashi itace ne da gawayi da kara, watau abin da kuzari ke ciki, don haka muka bar shi a wurinsa. Da jul ake auna kuzari, daidai da aiki, gama aiki shi ne kuzarin da ya tashi daga wani wuri ya koma wani.

Ba mu san misalin da ya fi jigo bayyana wannan ba, ko da yake injin ban ruwa ya kore shi daga fadamu da yawa. Gungume ne a kan gwafa, guga a dogon hannu, dunƙulen laka ko dutse a gajeren hannu. A ce dogon hannun mita 3 ne, gajeren mita 1, dunƙulen kuwa kilo 30. Mu ajiye nauyin gungumen da na gugan kansa a gefe don sauƙin lissafi. Mai lambu yana jan igiya ƙasa, gugan da ba kome ya sauka mita 3, dunƙulen ya hau mita 1. Hawan nan ya ci jul 294, kuma ba su ɓace ba, suna nan ajiye a tsawon da dunƙulen ya samu. Da guga ya cika da kilo 10 na ruwa, sai dunƙulen ya sauko ya ɗaga shi mita 3, wanda shi ma jul 294 ne cif. Jigo bai rage wa mai lambu aiki ko na jul ɗaya ba. Abin da ya yi masa shi ne ya juya masa aikin: maimakon ya sunkuya ya ɗago ruwa da ƙashin bayansa, sai ya ja ƙasa, inda nauyin jikinsa ke taimakonsa. Wanda ya wuni yana ban ruwa ya san bambancin ba ƙarami ba ne.

Dokar da ke ƙarƙashin wannan ita ce kuzari ba a ƙirƙirarsa, ba a kuma hallaka shi, sai dai ya sauya kama. To, ina na amalanken da ta tsaya ya tafi? Zafi ya zama. Jems Jul, mutumin Ingila wanda aka sa wa ma'aunin sunansa, shi ya auna wannan a shekarun 1840, inda ya sa nauyi mai saukowa ya juya filafilai cikin ruwa, ya ga ruwan ya ɗumama. Kimanin jul 4,200 ake bukata kafin kilo ɗaya na ruwa ya ƙara zafin digiri ɗaya. Watau duk wahalar jawo gugan nan daga rijiya mai mita 20 ba ta isa ta ɗumama lita ɗaya da rabin digiri ba, abin da kan ba ɗalibai mamaki ƙwarai.

Shi kuwa "ƙarfin inji" saurin aiki ne, ana auna shi da wat, jul ɗaya a daƙiƙa. Saurayi ya jawo gugan a daƙiƙa 20, tsoho a daƙiƙa 40: aikinsu ɗaya, amma na farko wat 98, na biyu wat 49. Ƙarfin doki ɗaya da ake rubutawa a jikin injuna kimanin wat 746 ne.

5. "Mota Ta Taho da Ƙarfi"

Wannan ma'ana muka bari a ƙarshe don ita ce ke cin rai. Abin da mota mai gudu ke ɗauke da shi kuzarin motsi ne, ana kuwa samunsa in aka ninka gudu da kansa, aka ninka da mas, aka raba biyu. Mota mai kilo 1,000 da ke gudun mita 10 a daƙiƙa, watau kilomita 36 a awa, tana da jul 50,000. In ta koma kilomita 72 a awa, sai ya zama jul 200,000. Gudu ya ninka biyu, kuzari ya ninka huɗu. Ƙarfin birki kuwa bai ƙaru ba, iyakarsa abin da gogayyar taya da kwalta ta bayar, saboda haka tazarar da motar ke bukata kafin ta tsaya ita ma ta ninka huɗu: inda dā mita 8 ta isa, yanzu sai 32, ban da abin da ta ci kafin ƙafar direba ta kai ga birki. In an yi ruwa, ko taya ta suɗe, gogayyar ta ragu, tazarar ta ƙara tsawo. Direban da ke da kalma ɗaya ga gudu da kuzari da ƙarfin birki zai ɗauka duk tare suke hawa, ya bar wa yaron da ke ƙetare titi mita 16 a wurin da ake bukatar 32.