A Daina Yi Wa Fulani Kuɗin Goro

Ranar wata kasuwa a yankin Gidan Runji, nan Maraɗi, na tsaya shan fura wurin wata dattijuwar Bafulatana. Tana cikin dama min, wani matashi ya wuce yana cewa, "Ku yi hattara, irinsu ne ke kai wa 'yan bindiga rahoto." Ba ta tanka ba, hannunta dai ya tsaya cak a kan ludayi. Ni kuwa na gaji da jin wannan magana.

A baki kowa gwanin zaman tare ne. Muna alfahari da wasan taubasai, irin na Fulani da Barebari, wanda UNESCO ta sanya cikin kayan gadon duniya a 2014. Kowace 24 ga Afrilu sai jawabai kan haɗin kan ƙasa. Da an sace shanu ko an ɗauke wani don kuɗin fansa, sai a manta da duk wannan, a ce "Fulani ne."

Wannan ƙarya ce mai hatsari. Gaskiya ne akwai Fulani cikin 'yan bindigar da ke ƙetarowa daga Zamfara, Sakkwato da Katsina. To, shanun wa ake korewa? Ruga nawa aka watse? Mai sayen shanun sata da mai kai wa ɓarayi man fetur, duk a ruga suke kwana? Tun 2019 da 'yan gudun hijira suka fara kwararowa Gidan Runji, har aka tsugunar da wasu a Cadakori da Garin Kaka, wutar ba ta tambayi kowa ƙabilarsa ba. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Mu mutanen Maraɗi mun san inda irin wannan magana ke kaiwa. A Oktoban 1991, a Toda, rikicin manoma da makiyaya ya ci rayukan Fulani fiye da 100, akasari mata da yara. Ƙarancin ƙasar noma da cinye burtali na cikin dalilai, amma baki ne ya fara hura wutar.

Don haka, in saƙon murya ya shigo maka ta WhatsApp yana zargin wata ruga, kada ka tura. In kana da shaida a kan wani, ka kai sunansa shi kaɗai wurin mai gari ko jandarmomi. In dabba ta yi maka ɓarna, akwai kwamitin filaye da dokar karkara ta 1993 ta tanada. A auna, a biya. Manomi ya bar burtali da mashaya, makiyayi ya jira a kwashe amfanin gona. Limamai daga Agye har Gazawa su faɗi wannan a huɗuba. Iyaye kuma ku kula da bakinku gaban yara, domin matashin can ba a kasuwa ya koyi maganar ba.

Jama'a, a kama ɓarawo da sunansa, a bar mai nono ta sayar da nononta.