Herb Brooks: Ɗan wasan da aka sallama ya dawo ya kayar da Tarayyar Sobiyat

A shekarar 1960, ana saura kwanaki kaɗan a buɗe gasar Olamfik ta hunturu a Amurka, aka cire sunan wani matashi mai suna Herb Brooks daga jerin ƴan wasan hoki na kan ƙanƙara na ƙasar. Shi ne na ƙarshe da aka sallama. Yana gida yana kallon talabijin abokansa suka ci lambar zinare.

Shi dai wannan wasa mutum shida-shida ake yinsa, sanye da takalma masu ƙarfe a ƙasa, ana kora ɗan faifan roba da sanduna zuwa raga. Brooks, haifaffen birnin St. Paul na jihar Minnesota a 1937, bai karaya ba. Ya buga wa Amurka a gasar 1964 da ta 1968, daga bisani ya koma horar da ƴan wasan Jami'ar Minnesota, inda ya ci musu kofin jami'o'in ƙasar a 1974 da 1976 da 1979.

Wannan ne ya sa aka damƙa masa ƙungiyar ƙasa domin gasar 1980 a garin Lake Placid. Yawancin ƴan wasansa ɗaliban jami'a ne, kuma na Minnesota da na Boston ba sa ga maciji da juna. Sai ya matsa musu da horo mai tsanani, har haushinsa ya haɗa kansu. Ya kuma koya musu salon Turai na yawan miƙa faifai da gudu ba tsayawa.

A lokacin Tarayyar Sobiyat ta ci zinare sau huɗu a jere, kuma kwanaki kaɗan kafin gasar ta lallasa yaran Brooks da ci 10 da 3 a wasan sada zumunta a New York. Ga kuma zaman ɗarɗar tsakanin ƙasashen biyu bayan shigar sojojin Sobiyat Afganistan a Disambar 1979. Amma ranar 22 ga Fabrairu, Amurka ta yi nasara da ci 4 da 3, kyaftin Mike Eruzione ne ya jefa na ƙarshe. Bayan kwana biyu suka doke Finland suka karɓi zinare.

Daga nan Brooks ya horar da New York Rangers da wasu ƙungiyoyin ƙwararru, sai dai bai taɓa cin kofin Stanley ba. Ya jagoranci Faransa a gasar 1998, sannan ya kai Amurka wasan ƙarshe a 2002, inda Kanada ta doke su.

Ya rasu a haɗarin mota a Minnesota ranar 11 ga Agustan 2003, yana da shekara 66, watanni kaɗan kafin fitowar fim ɗin Miracle da aka shirya kan nasarar 1980.