Teburin karatu na hannu

'Yan'uwa ɗalibai, ba dole sai sabon tebur ba. A shafuka irin su Jiji da Facebook mutane na tallar kujeru da tebura na hannu, musamman masu tashi daga gida. A nan Babanmu ya samo mini nawa.

Hoto yana ɓoye aibi, don haka ba a tura kuɗi sai an je an gani, kuma babba ne zai je. A girgiza teburin a ji ko ƙafafunsa na rawa. A leƙa ƙarƙashinsa: ƙananan ramuka da garin katako alama ce ƙwaro na cinsa daga ciki. Kujerar kushin kuwa a duba ɗinkinta saboda kuɗin cizo. Ni dai tsoronta nake ji.

Namu mun wanke shi, ya bushe a inuwa. Kafinta ya sa wa ƙafa ɗaya gam da ƙusa. Sai na goge tsohon fentin da samfefa, ina bin tsawon katakon, domin gugar gicciye tana barin zane. Fenti shafi biyu muka yi, na farko ya kwana kafin na biyu. A tsakar gida muka shafa, saboda warinsa yana sa ciwon kai.