Hunturu da Batirin Motar Lantarki: Ina Gaskiyar Take?

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, zancen ababen hawa masu amfani da lantarki ya shiga majalisun Birnin Kebbi da Argungu, musamman a bakin 'yan kabu-kabu da masu Keke Napep. Da hunturu ya kama kuma sai jita-jita ta kunno kai: wai sanyi na kashe batir, wai a ƙasashen Turawa ma motocin sun ƙi tashi, don haka kada kowa ya zuba kuɗinsa.

Akwai ƙamshin gaskiya a maganar. Batirin litiyum ya fi sakewa a ma'aunin zafi 20 zuwa 25. Idan sanyi ya tsananta, sinadarin cikinsa yakan yi nauyi, caji ya ja lokaci, nisan tafiya ya ragu. A Janairun 2024 an ga motocin Tesla jibge a wuraren caji a Chicago ta Amurka saboda tsananin sanyi. Ƙungiyar masu motoci ta AAA ta yi gwaji a 2019, ta ga tafiyar ta ragu da kashi 41 cikin ɗari, amma a sanyin da ya kai kusan 7 ƙasa da sifiri, kuma na'urar ɗumama mota ce ta lashe mafi yawan wutar.

To, ina mu ina wannan sanyi? Ko da asubahin Janairu a fadamar Rima, lokacin da masunta ke takure a bakin kogin Matan Fada suna jin wuta, da wuya ma'auni ya sauka ƙasa da 10. Keke da babur kuwa ba su da na'urar ɗumama da za ta sha batir. Cewa motocin ba sa aiki a ƙasar sanyi ƙarya ce tsagwaronta: a Norway mai ƙanƙara, kusan tara cikin goma na sababbin motocin da aka sayar a 2024 na lantarki ne.

Amma wanda ya ce kekensa ya rage ƙarfi da hunturu ba sharri ya yi ba, mai laifin ne bai gano ba. Idan da hasken rana yake caji, ya hau ya shafa farantin solarsa da yatsa, zai ga layi ya fito a cikin jar ƙura. Ƙurar nan da hazon da ke dushe rana su ke hana batir cika, a fita da safe da rabin caji ana zargin sanyi. Iskar taya ma takan ragu da sanyin dare, taya mai laushi kuwa wuta take ci. Tsohon batir mai ruwa shi ma a wannan lokaci yake tona asirin kansa.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne shawarar a ajiye kaskon gawayi kusa da batir don ya ɗumama. Wallahi wannan neman gobara ne, wutar litiyum kuwa ba ta mutuwa da sauƙi. Zafi ne babban abokin gabar batir a ƙasarmu: ranar Afrilu da ke haura 40 tana tsufar da shi fiye da hunturu nesa ba kusa ba.

Don Allah, mai keke, goge faranti kowace safiya, leƙa wurin mai faci ya auna iska, ka kuma tanadi inuwar caji kafin bazara ta shigo.