Wai Allurar Asibiti Ce Ke Ƙarasa Mai Taɓin Hankali?

Akwai wata magana da na gaji da jinta a unguwarmu ta Kabara da kewayenta. Ana yinta a gidan suna, ana yinta a zaman makoki, ana yinta a majalisar bayan la'asar. Wai duk wanda ya taɓu aka kai shi asibiti, to an gama da shi, domin akwai wata allura da suke yi mai kashe ƙwaƙwalwa, mutum ya dawo dolo, yawu na dalala, yana tafiya sanƙare kamar an ɗaura masa itace a baya. Masu faɗar haka da ƙarfin gwiwa suke faɗa, kai ka ce a hannunsu aka haɗa allurar.

Abin da ya sa na kasa yin shiru shi ne ɗan wata maƙwabciyarmu, saurayi tela mai ladabi. Ya daina barci, ya fara cewa ana zaginsa ta cikin bango. Wata huɗu ana rubutu da hayaƙi kafin kawunsa ya matsa a kai shi asibiti. Kwana uku da fara shan magani ya samu barcin da ya daɗe bai yi ba. Washegari sai wuyansa ya karkace, harshe ya zaro, idanu suka kafe sama. Gida ya ruɗe da salati. Wata tsohuwa ta ce da uwarsa, "Ai na gaya miki, 'yar nan. Mutanen ɓoye ba sa shiri da maganin bature. Ga shi kun fusata su." A ranar aka juye maganin a masai. Wata biyu yaron nan ya yi cikin mari a ɗakin zaure. Da kawun ya sake mayar da shi, ya ba da labarin wuyan, sai nas ɗin ta riƙe baki ta ce, "Haba Baba, don me ba ku dawo da shi a ranar ba? Allura ɗaya ce fa. Da kafin ku idar da azahar wuyan ya saki."

Wata biyu a cikin mari saboda abin da ba ya cin sa'a guda. Wannan shi ne kuɗin da jahilci ya karɓa a gida ɗaya tak.

Bari mu taɓa bayanin ƙwaƙwalwa a gurguje. Nauyinta bai kai kilo ɗaya da rabi ba, amma tana cinye wajen kashi 20 cikin 100 na kuzarin jiki. A cikinta akwai ƙwayoyin jijiya kusan biliyan 86, kuma ba a manne suke da juna ba. Tsakanin kowace da 'yar'uwarta akwai ɗan gibi. Mu 'yan Kabara bai kamata wannan ya yi mana wuyar ganewa ba, tunda sunan unguwarmu ya samo asali ne daga Kabara ta ƙasar Mali, mashigin jiragen ruwan Tumbuktu, inda kakannin Shehu Nasiru Kabara suka fito. Saƙo idan ya iso bakin gaɓa sai da mai fito. Masu fiton ƙwaƙwalwa sinadarai ne da ƙwaya ɗaya ke saki, su haye gibin, su sauka a mashigin ɗaya gefen. Wani masani, Otto Loewi, shi ya tabbatar da haka a 1921 da zukatan kwaɗi biyu. Daga cikin waɗannan sinadarai akwai dofamin, serotonin, asetilkolin, gulutamet mai zuga ƙwaƙwalwa, da GABA mai taka mata birki. Ya isa haka.

Yanzu ga maganar allura. Ciwon da ke sa mutum jin muryoyi da zargin kowa yana da alaƙa da yawan aikin dofamin a wani sashe na ƙwaƙwalwa, sashen da ke gaya wa mutum abin da ya kamata ya ba muhimmanci. Idan fito ya yi yawa a wannan mashigi, komai sai ya zama saƙo: tarin maƙwabci habaici ne, mai labarai a rediyo da shi yake, abincin uwarsa an barbaɗa masa wani abu. Magunguna irin su Largactil da halofaridol aikinsu shi ne su tare wasu daga cikin mashigan dofamin don hayaniyar ta lafa. Rage cunkoso ne kawai, kuma da maganin ya fita daga jiki mashigan suna nan yadda suke.

Matsalar ita ce dofamin ba hanya ɗaya yake bi ba. Akwai hanyar da ke kula da motsin jiki, inda yake zaman kishi da asetilkolin, kowa na riƙe da ɗan'uwansa. Magani bai san unguwa ba, duk inda ya ga mashigin dofamin sai ya tare. Da an danne dofamin a hanyar motsi sai asetilkolin ya samu sarari, tsoka ta ɗaure. Wannan shi ne karkacewar wuya da zarowar harshe da kafewar ido, kuma ya fi samun samari a kwanakin farko na shan magani. Shi ne kuma rawar hannu da tafiyar sanƙarau da dalalar yawu. Akwai wata hanyar ta uku da ke riƙe da sinadarin nono, shi ya sa wata mace kan ga al'adarta ta ɗauke ko nono ya kawo ruwa alhali ba ciki ba goyo, har a fara yi mata mugun zato. Duk waɗannan an san su, an rubuta su, kowane nas na ɓangaren ƙwaƙwalwa ya karance su tun yana makaranta. Maganinsu shi ne a rage yawan ƙwayar, ko a sauya wata, ko a haɗa da Artane na ɗan lokaci. To ina aljani a nan? Wane irin aljani ne allura ɗaya ke kora cikin rabin sa'a?

Ba zan yi muku rufa-rufa ba: maganin yana da nauyi. Akwai mai jin kasala da yawan barci, akwai wanda ƙafafunsa ba sa barinsa ya zauna wuri ɗaya. Wanda ya shekara da shekaru a kan tsofaffin magungunan yana iya samun motsin baki da harshe mai wuyar rabuwa. Sababbin irin su olanzafin ba su cika ɗaure jiki ba, amma suna sa ƙiba, suna iya tayar da ciwon suga. Sai dai duk wannan hujja ce ta komawa asibiti a kai a kai. Wanda maganin hawan jini ya sa shi tari, ai komawa yake a sauya masa. Ban taɓa jin an ce masa iskoki ne suka fusata ba.

Sannan akwai abin da masu jita-jita ba sa faɗa. Mutumin da kuke nunawa a titi kuna cewa allura ce ta mayar da shi haka, sau da yawa ciwon ne ya yi masa wannan ɓarnar: janyewa daga mutane, rashin magana, rashin kula da tsafta, duk ɓangare ne na cutar kanta. Likitoci sun daɗe da lura cewa gwargwadon daɗewar ciwon ba magani, gwargwadon wahalar dawowa daidai. Mu ne muke riƙe mutum shekara biyu muna zagaye da shi gidajen masu magani, sai ya lalace mu kai shi asibiti, sannan mu ɗora wa asibiti laifi. An bar jaki ana dukan taiki.

Kafin 1952, lokacin da likitoci biyu a birnin Faris, Jean Delay da Pierre Deniker, suka fara gwada maganin da muka sani da Largactil a kan masu taɓin hankali, abin da duniya ta fi sani shi ne ɗauri da kulle, a Turai ma. Maganin da kuke zagi shi ne ya kwance sarƙoƙi. Mu kuma har a watan Satumba na 2019 'yan sanda sun fito da mutum fiye da 300 daga wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna, da yawa da sasari a ƙafa. A watan Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma amince cewa mai wannan ciwo yana da haƙƙi da mutunci. Doka ta sauya, saura zukatanmu.

Kada kuma wani ya ce wannan ilimin baƙo ne ga Musulmi. Abu Zaidil Balkhi, wanda ya rasu a 934, ya wallafa littafi a kan lafiyar jiki da ta rai, ya bambanta baƙin cikin da ke da sanadi da wanda ke tasowa daga jiki. Asibitin Mansuri da aka gina a Alƙahira a 1284 yana da ɓangaren masu taɓin hankali. A unguwar malamai kamar tamu abin kunya ne a riƙa haɗa addu'a faɗa da magani. A yi ruƙiyya, a yi tofi, a kuma ba shi ƙwayarsa a kan lokaci. Duka, yunwa da turnuƙa wa mutum hayaƙin barkono kuwa zalunci ne, ko da wane suna aka kira su.

Wasu kan ce ai ƙwaya ce, zai kamu. A bambance. Tiramadol da kodin da wiwi suna zuga hanyar jin daɗi ta dofamin, shi ya sa rai ke biya musu. Kun tuna sai da gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018. Valium da danginsa, masu aiki ta GABA, su ma suna kama mutum idan aka daɗe ana sha. Amma ba wanda ke sayar da wayarsa don ya sayi halofaridol. Wanda za a yi hattara da shi shi ne Artane, wato Exol ɗin da samari ke wawaso a kemis.

Me ke kawo taɓin hankalin? Gado, shaye-shaye, jego, rauni a kai, talauci da tashin hankali, kuma sinadari shi kaɗai ba ya bayyana komai.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne jinya, kuma a nan nas ce ƙashin bayan aiki. Likita na ganin majinyaci mintuna kaɗan. Nas ce ke lura ko ya ɓoye ƙwaya a ƙarƙashin harshe, ko hannu ya fara rawa, ko ya yi barci, ko ya fara maganar gajiya da duniya. Da an sallame shi, wannan aikin ya dawo kanku. Don haka ku riƙe waɗannan.

Mutum ɗaya ya riƙe magani a gida, ya ba shi da hannunsa, ya ga ya haɗiye. Idan gardama ta yi yawa, ku tambayi nas batun allurar da ake yi sati biyu-biyu ko wata-wata, ku rubuta ranar a bango. Kada a daina magani don an ga sauƙi, domin sauƙin na maganin ne. Yawancin masu komawa gidan jiya a nan suke faɗuwa, musamman idan aure ya matso ana ɓoye wa dangin miji ko na mata. Ɓoyon nan shi ke kashe auren daga baya.

Maganin ciwon damuwa, mai aiki ta serotonin, yakan ɗauki sati biyu zuwa shida kafin a ga amfaninsa. Kada a kwana biyar a ce bai karɓe shi ba. A wannan tsakanin a sa ido sosai, a kawar da fiya-fiya da igiya da wuƙa. Duk wanda ya ce gara ya mutu, a ɗauki maganarsa da gaske, a daina ce masa rashin tawakkali ne.

Wuya ya karkace ko harshe ya fito, a tafi asibiti a ranar, da kwalin maganin a hannu. Idan numfashi ya sarƙe, ko zazzaɓi mai zafi ya haɗu da sanƙarewar jiki da ruɗewa, wannan na gaggawa ne, ko tsakar dare ne a nemi adaidaita sahu. Asibitin Murtala yana nan kusa da mu, akwai sashen ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ga kuma asibitin Dawanau.

Lokacin zafin bazara a yawaita ba majinyaci ruwa, kada a bar shi a rana. Mai shan maganin litiyom ya riƙa gwajin jini, kuma gudawa ko amai ko ƙishirwa mai tsanani haɗari ne gare shi. Kafin azumi a je a tambayi yadda za a gyara lokutan sha. Kada a yanke hukunci a majalisa. Mace mai shirin ɗaukar ciki ta faɗa tun da wuri, domin akwai magani irin falforet mai illa ga ɗan tayi. Mai jegon da ta daina barci ta fara sambatu a satin farko ko na biyu, a garzaya da ita, kada a tsaya jiran arba'in. A rage goro da shayi da daddare. Kada a ba wani ragowar maganin wani don ciwonsu ya yi kama.

Sannan a yi wa majinyaci magana kamar mutum. Kada a yi musu da shi a kan muryoyin da yake ji, kada kuma a gaskata su, a ce masa, "Na san kana ji, ni dai ban ji ba, kuma ina tare da kai." A ci abinci da shi, a tafi masallaci da shi, a mayar da shi kan sana'arsa a hankali. A tsawatar wa yaran da ke binsa da jifa. Tsawa da gori a gida suna tayar da ciwon kamar yadda barin magani ke tayar da shi.

Telan nan yanzu yana shagonsa, duk wata yana zuwa a yi masa allurarsa, tabon mari kuma yana nan a ƙafarsa. Ina roƙon iyayenmu mata da malamanmu da masu unguwanni: duk wanda bai san aikin magani ba, ya daina ba da fatawa a kansa. Idan kun ga abin da ya tsorata ku, ku ɗauki majinyacin da katinsa ku koma wurin nas. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya ba masu jinya haƙuri.