Shingen lantarki a kan katangar shago: me ya sa ake neman izini?

Muna ganin 'yan kasuwa na ɗora wayoyin lantarki a kan katangar shaguna da ɗakunan ajiyar kaya domin tsoron ɓarayi. Kare dukiya hakki ne, amma wannan shingen yana iya kashe wanda bai ji ba bai gani ba, shi ya sa wasu hukumomi ba su barin a kafa shi sai da takarda.

Shinge na ƙa'ida ba a jona shi kai tsaye da wutar gari. Akwai wata na'ura da ke karɓar wutar, ta sake ta cikin waya a guntu-guntu, kamar sau ɗaya a daƙiƙa. Ƙarfin ya kai dubban volt, amma bugun gajere ne ƙwarai, sai mutum ya zabura ya janye hannu. Wutar gari kuwa, ko da volt 220 ce, riƙe mutum take yi. A nan ne masu neman araha ke jawo asarar rai.

A Afirka ta Kudu, tun watan Oktoba na 2012, duk sabon shinge sai da takardar shaida daga ma'aikaci mai rajista, ana kuma neman ta idan za a sayar da ginin. Ana duba tsayin katangar, da allunan gargaɗi masu launin rawaya, da sandar ƙarfen da ke kai wuta ƙasa. Mai haya kuma ya fara samun yardar mai ginin a rubuce kafin ya kira ma'aikaci.